RA'AYINMU: IDAN UBA DA ƊA SUKA SAƁA A KAN SIYASA DA YAƘI

Ga hutu ya ƙarato. Nan da 'yan kwanaki ɗakunan kwana za su yi tsit, kowa ya ɗaure 'yan komatsansa ya nufi tasha. 'Yan'uwanmu na Kankiya da Kusada da Ingawa da ƙauyukan da ke kewaye da su za su koma gidajen da suka baro, su tarar da tuwon da suka yi marmari, su kuma tarar da wata gardama da suka bari ba a gama ba. Gardamar nan kuwa kowa ya san ta. Uba yana tare da wata jam'iyya, ɗa ya dawo da wata. Uba ya ce a zauna da 'yan bindiga a yi sulhu, ɗa ya ce a yaƙe su, ko kuwa akasin haka. A wani gidan akan yi ta da raha a tashi. A wani gidan kuwa takan kai ga ɗa ya daina zama zaure, ya koma gaida mahaifinsa daga tsaye, hutu ya ƙare ba su haɗa kwano ba. Wannan shi ne abin da muka ga ya kamata mu tattauna da 'yan'uwa ɗalibai, da kuma yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin Gwamnati.

Za mu fara da misalin wasu mutane da ba a saba jin an kawo su a matsayin misali ba a wannan ƙasa tamu, wato Yahudawa. Mun san wani zai ɗaga gira. To, a yi mana haƙuri a ji dalili.

Yawancinmu mun tashi muna ɗaukar Yahudawan duniya kamar mutum guda ne mai baki guda, abin da Gwamnatin Isra'ila ta ce shi kowannensu ya ce. Alhali kuwa babu wata al'umma a yau da yaƙi ya shiga tsakanin iyayenta da 'ya'yanta a fili kamarsu. Ranar 7 ga Oktoba, 2023 ce Hamas ta kai hari kudancin Isra'ila, aka kashe mutum wajen 1,200, aka kama wajen 250 aka tafi da su Gaza. Isra'ila ta mayar da martani da yaƙin da kowa ya gani, wanda kafin ƙarshen Yuli na 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce ya ci rayukan Falasɗinawa fiye da 60,000. Ba a yi mako uku da fara yaƙin ba, a ranar 27 ga Oktoba, 2023, sai ga ɗaruruwan Yahudawa, galibinsu matasa, sun cika babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a birnin New York suna neman a tsagaita wuta, har 'yan sanda suka kama fiye da 200. Ƙungiyar da ta shirya wannan, Jewish Voice for Peace, tun 1996 take. Wata kuma, IfNotNow, matasa ne suka kafa ta a lokacin yaƙin Gaza na 2014. A watan Afrilu na 2024, sa'ad da ɗalibai suka kafa tantuna a Jami'ar Columbia don nuna goyon baya ga Falasɗinawa, akwai ɗaliban Yahudawa a cikinsu, har a nan cikin tantunan suka yi bukin addininsu na Ƙetarewa. Da yawa daga cikin waɗannan matasa, iyayensu da kakanninsu ne ke tara wa Isra'ila gudummawa.

Wannan ɓaraka ba ranar nan ta fara ba. Binciken da cibiyar Pew ta yi a kan Yahudawan Amurka a 2020 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka kai shekara 65 ko fiye, kashi biyu cikin uku suna jin zuciyarsu a ɗamfare da Isra'ila, amma a cikin 'yan ƙasa da shekara 30, kashi 48 cikin 100 ne kawai. Kuma in mutum ya duba da idon basira zai ga dalili. Tsohon da aka haifa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ko jim kaɗan bayansa, ya tashi a gidan da ake lissafa dangin da suka halaka cikin Yahudawa miliyan 6 da Gwamnatin Hitila ta kashe. Ya ga kafuwar Isra'ila a 1948, ya ga yaƙin 1967 da na 1973, sai ya riƙe a ransa cewa ƙasar nan ita ce mafakar ƙarshe in duniya ta sake juya musu baya. Jikansa kuwa bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya buɗe ido ya gani shi ne ƙasa mai ƙarfin soja tana mamaye da Yammacin Kogin Jodan, tana ruwan bama-bamai a Gaza a 2008 da 2014 da 2021. Tsoho yana magana da tsoron da ya gada, yaro yana magana da abin da idonsa ya nuna masa, kowannensu kuma yana ganin ɗaya ya rasa tausayi.

A cikin Isra'ila kanta akwai wani labari da ya dace ɗalibi ya sani. A 1982 Isra'ila ta shiga Labanan da yaƙi, a watan Satumba na shekarar aka yi kisan gillar nan na sansanonin Sabra da Shatila. Ran 10 ga Fabrairu, 1983, 'yan ƙungiyar neman zaman lafiya ta Peace Now suka yi jerin gwano a Birnin Ƙudus zuwa ofishin Firayim Minista Menachem Begin, suna neman a aiwatar da rahoton hukumar da ta binciki kisan. Wani ya jefa musu gurneti, ya kashe wani malami mai suna Emil Grunzweig, ya raunata wasu. Cikin waɗanda suka ji rauni har da wani saurayi, Avraham Burg. Mahaifinsa, Yosef Burg, shi ne Ministan Harkokin Cikin Gida a wannan Gwamnati da ake yi wa zanga-zangar. Uba bai ajiye muƙaminsa ba, ɗa bai bar ra'ayinsa ba, kuma ba su yanke zumunci ba. Shi ɗan ya ci gaba da siyasarsa a wata jam'iyya dabam da ta mahaifinsa, har ya zama Shugaban Majalisar Dokokin ƙasar daga 1999 zuwa 2003.

Abin da ya fi jan hankalinmu ma shi ne, malamansu na dā sun tanadi hanyar da ɗa zai bi in ya ga mahaifinsa a kan kuskure. A cikin littafinsu na Talmud an hana ɗa ya ce wa uba kai tsaye ya saɓa wa shari'a. Abin da aka yarda masa shi ne ya kawo maganar a sigar tambaya, ya tuna wa uban abin da nassi ya ce, ya bar shi ya gano da kansa. Suna kuma ba da labarin makarantu biyu na malamansu, ta Hillel da ta Shammai, waɗanda suka saɓa a mas'aloli masu yawa amma ba su daina auratayya da juna ba. A daren bukin Ƙetarewa kuwa, ƙaramin yaron gida ne ake sa wa ya yi tambayoyi huɗu, manya su amsa. Ba mu ce duk gidajensu sun bi wannan ba. Akwai waɗanda yaƙin Gaza ya raba, har aka daina kiran juna a waya. Amma waɗanda suka tsira da zumuncinsu, ta wannan ƙofa suka bi.

To, mu dawo gida, domin ba sai mun yi aron misali daga ƙetare ba. Lardin Katsina yana da nasa, kuma sun fi kusa da mu.

A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, jam'iyyu biyu ne suka ja daga a nan: NPN ta masu riƙe da ragama, da PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU. Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, tsohon Ministan Harkokin Ikko a Gwamnatin NPC, yana cikin manyan NPN, har ya riƙe muƙamin mataimakin shugabanta na ƙasa. Ɗansa Umaru, wanda ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana kuma koyarwa a lokacin, sai ya shiga PRP. Wanda bai san zafin siyasar wancan zamani ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A zaɓen 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, Majalisar Dokokin Jiha kuwa tana hannun NPN, ta ƙi amince masa da kwamishinoni, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni na 1981. A irin wannan yanayi ne uba da ɗa suke a ɓangarori biyu. Amma gidan bai tsage ba. Umarun nan shi ya zama Gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya zama Shugaban Ƙasa, kuma shi aka naɗa wa rawanin Matawalle, sarautar mahaifinsa.

Haka nan Dokta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa, maƙwabciyar Kankiya, a 1945. Ɗan Durɓin Katsina ne, jikan Sarki Muhammadu Dikko, amma ya ƙare rayuwarsa yana sukar tsarin da ke danne talaka, har ya zama Sakataren Gwamnatin PRP a Kaduna. A Kankiya kanta kuwa, ko yaro ya tuna zaɓen cike gurbi na Sanatan Katsina ta Arewa a watan Agusta na 2018, inda Ahmad Babba Kaita na APC ya kara da yayansa Kabir Babba Kaita na PDP, 'yan gida ɗaya, ƙanen ya yi nasara. A zaɓen 2023 ma, jihar da ta ba PDP rinjaye da 'yar tazara kaɗan a zaɓen Shugaban Ƙasa, ita ce bayan mako uku ta zaɓi Gwamnan APC. Ƙuri'un nan ba daga sama suka faɗo ba, daga gidajenmu suka fito, sau da yawa daga ƙofa ɗaya.

Sai dai gardamar jam'iyya mai sauƙi ce in an gwada ta da gardamar yaƙi. Mu a nan yaƙi ba labarin rediyo ba ne. Tun da 'yan bindiga suka addabi yammacin jihar, suka yi ta matsowa gabas, babu gidan da ba a yi wannan muhawara ba: a yi sulhu ko a yi yaƙi? Gwamnatin Aminu Bello Masari ta gwada sulhu, na ƙarshe a 2019, ya rushe. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe 'yan makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya hau a 2023 yana cewa ba zai roƙi ɗan bindiga sulhu ba, ya kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai a watan Oktoba na shekarar. Amma a 2025 sai ga al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, irin su Jibiya da Batsari, sun zauna da 'yan bindigar da kansu.

Ɗalibi yakan dawo da hujja mai ƙarfi. Yakan ce sulhu da wanda bai ajiye makami ba saye ne na 'yan watanni, kuɗin fansa da na haraji su ne ke sayen harsashin da za a harbe mu da shi gobe, kuma ƙasar da ta zauna da mai kisa tana tattaunawa ta koya wa kowane yaro cewa bindiga ita ce hanyar samun kujera. Wannan magana gaskiya ce, mu ma a kanta muke. Amma kafin ɗalibi ya kira mahaifinsa matsoraci, ya tsaya ya duba wane ne zai kwana a ƙauyen bayan hutu ya ƙare. Uban ne zai shiga gona da damina. Shi ne ya sayar da shanun noma ya fanso ƙanensa. Shi ya san yawan buhunan da ya samu bara da yawan waɗanda ya bari a daji don ba ya iya zuwa girbi. In ya ce a lallaɓa a samu a yi noman bana, ba falsafa yake yi ba, lissafin bakin da zai ciyar yake yi, har da bakin shi mai gardamar, wanda daga wannan gona ake biya masa kuɗin makaranta. A wani gidan kuma abin juyawa yake: uban da aka kashe wa ɗa shi ke cewa kada a bar ko ɗaya, yaron da ya yi karatu tare da 'ya'yan Fulani shi ke cewa ba kowane mai sanda da saniya ne ɗan ta'adda ba, kuma kisan da 'yan sa-kai suka yi wa marasa laifi a kasuwanni yana cikin abin da ya hura wutar. Nan ma yaron yana da gaskiya, amma da mai makoki yake magana.

Haka aka yi a kan Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da ECOWAS ta yi barazanar kai soja aka kuma rufe iyaka. Samari da yawa sun yi ta yi wa sojojin Yamai tafi, dattawan da suka rayu a ƙarƙashin mulkin soja suna girgiza kai, ko da yake a kan ƙin yaƙi da 'yan'uwanmu na Maraɗi kusan baki ya zo ɗaya. Haka kuma a zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta na 2024. Iyaye da malamai suka ce kada a fita, yara suka fita, aka sa dokar hana yawo a Katsina da Kano, aka rasa rayuka. Ran 1 ga Nuwamba na shekarar duk ƙasa ta ga yara ƙanana daga Arewa a gaban kotu a Abuja, wasu suna faɗuwa don yunwa, kafin a ba da umurnin sakinsu. Wa ya yi gaskiya a nan? Yunwar da ta fitar da yaran gaskiya ce. Tsoron da iyayen suka ji shi ma ya tabbata.

Akwai masu cewa addini ya riga ya yanke hukunci, wai bin na gaba bin Allah ne, don haka ɗa ba shi da ta cewa. Mu ba mu karanta haka ba. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta yi magana a kan saɓanin da ya fi kowane girma, wato iyaye su matsa wa ɗa ya yi shirka. Ta hana shi yi musu ɗa'a a wannan, a cikin numfashi guda kuma ta umurce shi ya zauna da su da kyautatawa a duniya. Abu biyu ke nan a haɗe: ba a sallama gaskiya, ba a kuma yanke zumunci. In haka ne hukuncin shirka, ina ga jam'iyyar da ake sauyawa kamar riga? A Suratu Maryam, Annabi Ibrahim, wanda mu da Yahudawa duka muke kira kaka, ya yi wa mahaifinsa nasiha, sau huɗu yana buɗe magana da kiran girmamawa na ɗa ga uba, farkonta kuma tambaya ce. Uban ya yi masa barazanar jifa, shi kuwa ya mayar da sallama. A yaƙin Badar, Abu Huzaifa yana cikin rundunar Musulmi, mahaifinsa Utba ɗan Rabi'a yana cikin shugabannin Ƙuraishawa, aka kuma kashe shi a ranar. Masu tarihi sun ce da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga fuskar Abu Huzaifa ta sauya, bai zarge shi ba, sai ya yi masa addu'a. Ɗa ya yaƙi ɓangaren ubansa, kuma an bar shi ya yi baƙin cikin ubansa.

Saboda haka, ya 'yan'uwa ɗalibai, laifinmu a mafi yawan lokaci ba a ra'ayin yake ba, a bakin yake. Mukan zo gida da muryar zauren muhawara, mu jefa kalmar Turanci a tsakiyar magana don a san mun yi boko, mu ɗaga waya mu ce ga shaida, alhali wani saƙon WhatsApp ne da mu kanmu ba mu tantance ba. Mafi muni, mukan yi wa uba gyara a gaban baƙinsa. Dattijon da aka ƙure a zaurensa, a gaban abokan da suke sallah sahu ɗaya shekara 40, ba zai janye ba ko da ya gane, domin yanzu ba ra'ayi yake karewa ba, girmansa yake karewa. Maganar da za a yi a zaure a tashi baram-baram, ita ce za a yi bayan sallar isha'i, daga kai sai shi, a rabu lafiya. Kuma akwai bambanci mai nisa tsakanin "Baba, wannan ba haka ba ne" da "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ni kuwa wani abu ya ɗaure mini kai. Sulhun da aka yi a 2019, me ya rushe shi?" Ta farko ƙofa take rufewa. Ta biyu kuwa takan sa dattijo ya gyara zama, kuma sau da yawa abin da zai faɗa ba ya cikin littattafanmu. Wanda kakansa ya yi yaƙin Bama, ko mahaifinsa ya ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko ya ga yunwar 1973, yana da laburare a gida bai sani ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa mahaifi.

Ba kuma dole ne kowace gardama a kai ƙarshenta ba. Wani lokaci abin da ya fi shi ne ɗa ya faɗi nasa sau ɗaya a fili, don kada ya zama munafuki a gidan ubansa, sa'an nan ya ɗauki fartanya ya bi shi gona. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan. Sau nawa Inna ta kashe wutar da ta tashi a zaure da kalma ɗaya daga bayan labule, ko ta aiko a ce tuwo zai huce?

Iyayenmu kuma, cikin ladabi, muna da roƙo. Mujallar nan takan kai gida, mun kuma san akan karanta muku. Albarkarku ita ce jarinmu, don haka muna roƙo kada a mai da ita kuɗin sayen ƙuri'a. Uban da ya ce wa ɗansa bai yafe ba in ya zaɓi wane, ya ɗora masa kaya biyu, kowanne ba ya ɗaukuwa: ko ya yi wa ubansa ƙarya, ko ya yi wa zuciyarsa. Galibi ƙaryar yakan zaɓa, tun da shi kaɗai ke shiga akwatin dangwala ƙuri'a. Ɗan takarar da aka yi rantsuwa dominsa kuwa, kafin zaɓe na gaba ya sauya sheƙa, ya bar uba da ɗa da tabon. Ku kuka sayar da hatsi kuka tura mu makaranta don mu iya tunani. In mun dawo da tunanin da ya saɓa wa naku, ba asara kuka yi ba, abin da kuka biya ne ya iso. Wannan roƙo ya fi ƙarfi a kan 'yan'uwanmu mata. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, kuma har yau a gidaje da yawa ɗaliba takan riƙe katinta amma wani ke riƙe da ra'ayinta, daga uba zuwa miji. Abin da aka jure daga ɗa namiji aka kira shi ƙuruciya, in ya fito daga bakin 'ya mace sai a kira shi rashin kunya.

Yayyenmu ma'aikata suna da tasu damuwar. Da yawa uba ne ya yi ta zirga-zirga wajen wani babba kafin a samu takardar ɗaukar aiki, don haka in ɗa ya soki Gwamnati a Facebook, uban yakan ji kamar shi aka tsinka a gaban wanda ya yi masa alheri. A nan muna ganin uban yana da hujja fiye da yadda ake ba shi, domin dokar aikin Gwamnati da kanta ta taƙaita wa ma'aikaci shiga siyasar jam'iyya a fili. Amma ma'aikaci ya bambance tsakanin kame baki da sayar da alƙalami. Uba yana da haƙƙin ya ce a yi hattara. Ba shi da haƙƙin ya ce a sa hannu a takardar ƙarya don a faranta wa wanda ya samo aikin.

Saura wuri ɗaya, inda muke ganin maganar iyaye ta fi ta ɗa nauyi, ko da ɗan ne ke da gaskiya a muhawara. Wato inda ra'ayi zai koma jefa rai. Saurayin da ya ce zai shiga 'yan sa-kai ya bi 'yan bindiga daji, ko zai fita zanga-zangar da aka san za a yi harbi, ba ƙuri'arsa kaɗai ya ɗauka ba, ya ɗauki abin da uwarsa ta yi wata tara tana ɗauke da shi. Hadisi ya tabbata a kan mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce suna nan sai aka mai da shi ya yi hidimarsu. Malamai sun fitar da hukunci daga nan cewa in ba farilla ce ta kowa da kowa ba, kamar a ce maƙiyi ya shigo gari, ba a fita sai da yardarsu. Wanda zuciyarsa ta ƙi kwanciya, to, ya nemi Kawu ko Baffa ko limamin unguwa su shiga tsakani, ya bayyana wace runduna ce, wa ke shugabantarta, ko tana da rajista da Gwamnati, wa zai ɗauki nauyin iyalinsa in ta ɓaci. In bayan duk wannan Inna ta ce a'a, akwai sauran aiki a cikin gari: akwai 'yan gudun hijira da ke kwana a makarantun firamare da kangaye, 'ya'yansu ba mai koya musu karatu, akwai kuma masu rauni a asibiti da ke jiran wanda zai ba da jini.